Darasi na 14: Baƙon Farin Gada da Ranar 'Yan Sama Jannati

Gabatarwa

Ɗan sa-kai shi ne mutumin da ya ba da lokacinsa da iliminsa domin taimakon jama'a, ba don an tilasta masa ba, ba kuma don neman riba ba. Wasu 'yan sa-kai sukan yi aiki a garinsu, wasu kuwa sukan ƙetare zuwa wata ƙasa. A Ingila an kafa ƙungiyar VSO a shekarar 1958. A Amurka Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a 1961, kuma a wannan shekara rukuninta na farko ya iso Nijeriya. Ita ma Nijeriya tana aika nata. Tun daga 1987 gwamnati take tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran tekun Fasifik, su yi aiki na shekara biyu, a ƙarƙashin shirin da ake kira TAC.

Labarin da ke tafe na wani ɗan sa-kai ne da ya zauna a Jos. Ku karanta shi sau biyu, na farko a zuci, na biyu a bayyane. Ku lura da kalmomi irin su yakan da sukan da akan, domin za mu dawo kansu a sashen nahawu.

Karatu

1. Baƙo ko da ido makaho ne

Farin Gada unguwa ce a arewacin birnin Jos, ba nisa da Jami'ar Jos. An san ta da babbar kasuwar kayan lambu. Tun da asuba motoci sukan shigo daga ƙauyuka ɗauke da tumatir da kabeji da karas da latas da dankalin Turawa. Kafin la'asar an loda kwanduna da buhuna a manyan motoci, sun kama hanyar Abuja da Legas da Fatakwal. A kasuwar akwai Birom da Anaguta da Afizere, akwai Hausawa da Fulani, akwai Ibo da Yarbawa. Kowa da harshensa, amma da Hausa ake yin yawancin ciniki.

Wata shekara, a cikin watan Satumba, wani saurayi ɗan ƙasar Rasha ya zo aikin sa-kai a makarantar da nake koyarwa. Shi malamin kimiyya ne, ni kuwa malamin Hausa. Aka ba shi ɗaki a gidan da ke daura da nawa. Sunansa ya yi wa yara wuyar faɗa, sai suka riƙa kiransa Malam Bature.

Yakan tashi da ƙarfe biyar da rabi, ya ɗebo ruwa a rijiya, domin famfo ba kullum yake kawowa ba. Yakan karya kumallo da shayi da burodi a teburin mai shayi, sa'an nan ya hau keke napep zuwa makaranta. Da dare, idan an ɗauke wuta, yakan duba littattafan ɗalibai da tocila. Ranar Asabar yakan yi wanki, ya je kasuwa cefane. Da hunturu ya shigo, mutanen Jos suka fito da manyan rigunan sanyi, shi kuwa yana yawo da 'yar shara. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa ta fi yawancin biranen Nijeriya sanyi. Amma a wurin wanda ya tashi cikin ƙanƙara, wannan ba sanyi ba ne.

Ruwa da wuta da abinci ba su dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne mutane. Yakan wuce dattawa a ƙofar gida bai ce musu uffan ba. A kasuwa yakan nuna abu da yatsa, ya ce, "Nawa?" Maƙwabta suka ce yana da girman kai. 'Yan kasuwa suka riƙa tsawwala masa. A aji kuma, in ya yi tambaya sai ɗalibai su yi tsit.

Wani dare a watan Disamba ya same ni a gida, ya ce zai koma ƙasarsu. Ya ce ya zo ne ya ba da abin da ya sani, amma bai sami mai karɓa ba. Na tambaye shi, "Malam, mutum nawa ka gaisar yau?" Ya yi shiru. Can ya ce a garinsu ba a saba gai da wanda ba a sani ba. Na ce masa a nan gaisuwa ce ƙofar gari, wanda bai bi ta ƙofa ba kuwa ba a yi masa shimfiɗa. Muka shirya zai riƙa zuwa wurina kowace yamma, mu yi rabin awa muna Hausa.

Ya sha kuskure. Wata rana ya tsaya gaban mai masa, ya ce da ƙarfi, "Mama, ina jin kunya!" alhali yunwa yake nufi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "To, ɗana, mai kunya shi ke kwana da yunwa." Ta ƙara masa masa biyu gyara. Tun daga ranar ta zama malamarsa ta biyu. Na ukun kuwa wani dattijo ne Bakano mai sayar da dankalin Turawa, wanda kowa ke kira Baba Mai Dankali.

2. Ranar 12 ga Afrilu

Gab da hutun zango na biyu, Malam Bature ya gaya wa ɗalibai cewa wata rana mai girma a ƙasarsu tana tafe. Ranar 12 ga Afrilu, 1961, wani matuƙin jirgin sama mai suna Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya je sararin samaniya. Shekarunsa 27 a lokacin. Ɗan ƙauye ne, mahaifinsa kafinta. An harba kumbonsa, Vostok 1, daga Baikonur, wadda take cikin ƙasar Kazakistan a yau. Da kumbon ya fara tashi, Gagarin ya ce, "Payehali!" wato "Mu tafi!" Ya kewaya duniya sau ɗaya, ya ratsa ta saman Afirka a kan hanyarsa ta saukowa. Duka tafiyar minti 108 ce.

A shekarar 1962 Tarayyar Sobiyat ta mai da wannan rana Ranar 'Yan Sama Jannati. Har yanzu ana bikinta a Rasha. Akan ajiye furanni a wuraren tunawa da Gagarin, malamai sukan ba da labarinsa a makarantu, yara sukan zana hoton kumbo da taurari. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a matsayin rana ta duniya baki ɗaya.

Malam Bature ya ce ranar za ta faɗo cikin hutu, amma yana so su haɗu a filin makaranta su yi bikin tare. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya haɗa mu da wannan biki? Mu 'ya'yan masu tumatir ne." Aji ya fashe da dariya. Malam ya buɗe baki, ya rasa abin cewa.

3. Amsa a kasuwa

Ranar Asabar ya kai wa Baba Mai Dankali kukansa. Dattijon ya saurara, ya ce, "Ai yarinyar nan ba ta san tarihi ba. Ina yaro a Kano aka ce Amurkawa sun kafa wata tasha da ke magana da mutum a sama. Mu dai muka ɗauka almara ce."

Ba almara ba ce. Lokacin da Amurka ke shirin tura nata mutanen, hukumar NASA ta kafa tashoshi a sassan duniya domin bin sawun kumbo. Ɗaya tana Kano, wata tana Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya kewaya duniya sau uku, kuma tashar Kano tana cikin waɗanda suka bi sawunsa. A watan Agusta 1963 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. Wannan ne karo na farko da shugabanni biyu suka tattauna ta wannan hanya.

Muka ci gaba da bincike tare. A 1999 Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, wato NASRDA. A watan Satumba 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a ƙasar Rasha. Da Malam Bature ya ji haka, sai ya dafe kai, domin bai taɓa sani ba. Abin da ya ƙara ba shi mamaki shi ne, cibiyar hukumar da ke nazarin hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka daga sama a nan Jos take. A irin waɗannan hotuna ana ganin gonaki da dazuzzuka da wuraren da zaizayar ƙasa ta ci. Ana ganin kududdufan da haƙar kuza ta bari a faɗin Filato, waɗanda manoma ke jan ruwansu su yi noman rani. Wani kabejin da ake sayarwa a Farin Gada, da ruwan kududdufin aka noma shi. Hasashen yanayi da manomi ke ji a rediyo, da taswirar da direban babbar mota ke bi a wayarsa zuwa Legas, duk da taimakon tauraron ɗan'adam ake samunsu.

4. Biki

Ranar 12 ga Afrilu da la'asar ɗalibai suka hallara, duk da ana hutu. Baba Mai Dankali ya rufe rumfarsa da wuri, ya zo. Mai masa ta aiko da masa cike da kwano. Malam Bature ya miƙe ya yi jawabi da Hausa, yana tuntuɓe yana gyarawa. Ya fara da sallama, ya gai da manya, ya tambayi mutanen gida. Bayan haka ya ba da labarin Kano da Jos. A ƙarshe ya juya ga ɗalibar nan, ya ce, "Da Gagarin ya sauko da laima, a gona ya dira, a yankin Saratov. Waɗanda suka fara ganinsa wata manomiya ce da jikarta. Kin san abin da suke yi? Dankali suke shukawa." Baba Mai Dankali ya ce, "Ashe mutanenmu ne suka tarye shi!"

Sa'an nan aka zo wasan roka. An zuba ruwa a gorar roba, an toshe bakinta, ana hura mata iska da famfon keke. Yara suka haɗa baki suka ce, "Mu tafi!" Gorar ta yi sama, ta wuce rufin aji, ta jiƙe na kusa da ita sharkaf.

Bayan magariba Malam ya fara nuna musu taurari. Ya nuna wani gungu a yamma, yana neman sunansa da Turanci. Baba ya ce, "Wannan ai Kaza da 'Ya'yanta ce." Ya gaya masa Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Malam Bature ya zaro littafinsa yana rubutawa, ɗalibai suna gyara masa rubutu. Ba a jima ba hadari ya taso daga gabas, ya rufe taurarin, kowa ya kama hanyar gida.

Malam Bature bai koma a watan Disamba ba. Ya cika shekararsa biyu. Ranar da zai tafi, 'yan kasuwa suka haɗa masa buhun dankali, ko da yake sun san jirgi ba zai ɗauka ba. Ya raba wa maƙwabta, gida gida, yana gaisuwa a kowace ƙofa.

Ma'anar Kalmomi

cefane: sayen kayan miya da na abinci.
daura da: kusa da, gefe da gefe.
'yar shara: riga marar nauyi, marar hannu.
uffan: ko kalma ɗaya.
tsawwala: sa wa kaya kuɗi fiye da kima.
tsit: shiru ƙwarai.
gyara: ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi wa mai saye kyauta.
kumbo: jirgin da ke zuwa sararin samaniya.
ɗan sama jannati: mutumin da ke tafiya a kumbo.
tauraron ɗan'adam: na'urar da mutane suka ƙera, suka harba, tana kewaya duniya.
almara: labarin da ba gaskiya ba ne.
kududdufi: babban rami mai tara ruwa.
kuza: ma'adinin da aka daɗe ana haƙa a Filato.
gungu: tarin abubuwa a wuri ɗaya.

Auna Fahimta

1. Me ya sa ake yawan ciniki da Hausa a kasuwar Farin Gada?
2. Ku kawo abubuwa huɗu da Malam Bature yakan yi a rayuwarsa ta yau da kullum.
3. Me ya sa maƙwabta suka ce yana da girman kai? Shin haka ne?
4. Me ya faru ranar 12 ga Afrilu, 1961?
5. Wace rawa Kano ta taka a tafiyar John Glenn?
6. A wace shekara aka harba NigeriaSat-1, kuma daga wace ƙasa?
7. Ta wace hanya tauraron ɗan'adam ke amfanar manomi da direba?
8. Malam Bature ya ce ya zo ne ya ba da abin da ya sani. Me shi kuma ya karɓa daga mutanen Farin Gada?

Tattaunawa

Ku kasu biyu biyu, ku karanta wannan hira, sa'an nan ku yi musayar matsayi.

Malam: Salamu alaikum. Baba, ina kwana?
Baba: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Malam. Ina gajiya?
Malam: Ba gajiya. Yaya kasuwa?
Baba: Da godiya. Yaya baƙunta?
Malam: Baƙunta ta ƙare, Baba, na zama ɗan gari. Nawa ne kwandon dankali?
Baba: Naira dubu biyar.
Malam: Haba Baba, a yi mini ragi. Na saya dubu huɗu.
Baba: Albarka.
Malam: To, na ƙara ɗari biyar.
Baba: Kawo kuɗi, na sallama. Ga gyara.
Malam: Na gode. Allah ya ba da kasuwa.
Baba: Amin. A gai da mutanen gida.

Ku lura cewa sai da suka gaisa sosai kafin a ambaci kuɗi. Kalmar albarka a wurin ciniki tana nufin mai kaya bai yarda da tayin ba.

Nahawu

(a) Lokaci sabau

Ana amfani da lokaci sabau wajen faɗin abin da aka saba yi. Ga yadda yake: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan.

Nakan tashi da asuba.
Takan soya masa da safe.
Sukan ajiye furanni ranar 12 ga Afrilu.

Ku kwatanta waɗannan jimloli biyu. "Ya je kasuwa ranar Asabar" tana nufin ya je sau ɗaya, abin ya wuce. "Yakan je kasuwa ranar Asabar" tana nufin haka ya saba yi.

Wajen rubutu, a bambanta akan da a kan. Na farko kalma ɗaya ce ta lokaci sabau: "Akan yi biki." Na biyu kalmomi biyu ne masu nuna wuri: "Kwando yana a kan tebur."

(b) Umarni da shawara

Idan ana kiran mutane su yi abu tare, ana cewa mu: mu tafi, mu gaisa, mu duba sama. Idan ana hani, sai a fara da kada: kada mu makara, kada ka wuce dattawa ba gaisuwa.

Karin Magana

Ku bayyana ma'anar kowane, ku nuna wurin da ya dace da shi a cikin labarin.

1. Baƙo ko da ido makaho ne.
2. Matambayi ba ya ɓata.
3. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.
4. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin Aji

A. Ku mai da waɗannan jimloli zuwa lokaci sabau.
1. Na sha shayi da safe.
2. Motoci sun shigo da asuba.
3. Mun gai da dattawa.
4. An yi bikin a watan Afrilu.
5. Ta ƙara masa gyara.

B. Ku cike gurbi da akan ko a kan.
1. ______ ga taurari sosai idan babu hadari.
2. Ya ɗora littafin ______ kujera.
3. A Jos ______ yi sanyi a watan Janairu.

C. Ku rubuta waɗannan da kalmomi: 12, 27, 108, 1961, 2003.

Jinga

1. A ce an tura ku aikin sa-kai wata ƙasa. Ku rubuta wa iyayenku wasiƙa mai jimla goma sha biyar, ku bayyana abin da kukan yi daga safe zuwa dare.
2. Ku tambayi wani dattijo sunayen taurari uku a harshenku na gida. Ku rubuta su, ku nemi takwarorinsu a Hausa.
3. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 4 zuwa 10 ga Oktoba na kowace shekara a matsayin Makon Sararin Samaniya na Duniya. Ranar 4 ga Oktoba, 1957, aka harba Sputnik 1, tauraron ɗan'adam na farko. Ku tsara yadda ajinku zai yi bikin wannan mako, ku karanta wa aji da Hausa.